Darasi na Goma Sha Biyu: Ba Ruwa Hanya Kafin Ya Nemi Tasa

Manufar darasi

Idan aka kammala wannan darasi, ɗalibi zai iya lissafa yawan ruwan da ke sauka a gidansa, ya fitar wa ruwan hanya da hannunsa, ya gyara rumfa da dakali kafin damina, sannan ya mai da ragowar ruwan ya zama ganyen miya.

Karatu

Duk wanda ya taɓa kwana a Karfi cikin marka ya san ƙarar nan ta tsakar dare. Ruwa na zuba tun magariba, kowa ya yi shiru a ɗaki, sai a ji rim! Katangar wani ta kwanta. Da gari ya waye maƙwabta su taru ana jaje, ana godiya ga Allah da abin bai rutsa da rai ba.

A irin wannan safiya ce wani magidanci ya kira tsohon maginin unguwarsu ya duba masa ɓarnar. Ya ce, "Baba, ruwan jiya ya gama da ni."

Tsohon bai ce komai ba. Ya zagaya, ya durƙusa a gindin abin da ya rage na katangar, ya sa yatsa ya ƙwaƙulo ƙasa mai laushi kamar ƙulli. Ya leƙa rariya ya tarar leda da ɓawon rake sun toshe ta. Sannan ya ɗago ya ce, "Ɗana, ruwan jiya tura ta kawai ya yi. Wannan katanga ta yi damina uku ƙafarta na cikin ruwa. Kai ka hana shi fita, shi kuma ya nemi hanyarsa."

Maganar tsohon ita ce gindin darasinmu. Gyaran magudana, gyaran rumfa da shuka a bayan ɗaki, mutane kan ɗauke su ayyuka uku ne daban. A gaskiya aiki ɗaya ne: bin sawun ruwa tun daga rufi har inda zai yi amfani.

Ruwa nawa ke sauka a gidanka?

Karfi tana cikin ƙaramar hukumar Malumfashi, a kudancin Jihar Katsina, yankin da ya fi samun ruwan sama a jihar. Yakan kai kusan milimita 1,000 a shekara, wata shekarar ya haura, wata ya gaza. Yana farawa wajen watan Mayu, ya yi ƙarfi a Agusta, ya ɗauke a farkon Oktoba. Wannan ruwa shi ya sa ƙasar Funtuwa da Malumfashi ta yi suna a masara, dawa, auduga da waken suya. Shi ne kuma ke cin gindin gini.

Ga ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: milimita 1 na ruwan sama a kan fili mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1 daidai yake da lita 1. Ɗauki ɗaki mai tsawon mita 5 da faɗin mita 4. Rufinsa murabba'in mita 20 ke nan. Idan aka yi ruwa mai ƙarfi na milimita 50 a dare ɗaya, lita 1,000 ce ta gangaro daga wannan rufi kaɗai, wato jarka 40 mai cin lita 25. A damina guda kuwa lita 20,000 ce, cikin durom 100. Yanzu ƙirga ɗakunan gidanka, ka ƙara da tsakar gida. Duk wannan ruwa sai ya bi wani wuri. Idan ba ka zaɓa masa ba, shi zai zaɓa.

Aiki na farko: hanyar ruwa

Kafin ka ɗauki diga, fara da ido. Idan ana ruwa, lulluɓa ka fita ka zagaya gida. Dubi inda yake faɗowa daga kwano ko indararo, inda yake gudu, da inda yake kwanciya. Kafa tsinke ko ka ajiye dutse a kowane wuri da ya taru. Wannan kallo na minti goma ya fi shawarar wanda bai taɓa shiga gidan ba.

Sai gindin bango. Ruwan da ke ɗiga daga bakin kwano yana haƙa ɗan rami a layi, yana fantsama a jikin gini, a hankali ya zaizaye ƙasan. Maganinsa shi ne a yi wa bango ƙafa: a zuba birji ko marmara a jikinsa, faɗin kamu biyu, a daɓe shi ya karkata waje. A daidai inda ruwan indararo ke dira a shimfiɗa duwatsu ko fasassun bulo domin su karya ƙarfinsa. A fi mai da hankali ga bangon gabas, domin daga gabas hadarinmu ke tasowa, shi ke shan dukan iska da ruwa. Shi ya sa maginan da suka gabata suka fi yawan sabunta yaɓen wannan ɓangare, suna haɗa ƙasa da ruwan makuba, wanda ake samu daga kwasfar ɗorawa. Mai ginin ƙasa ya yi hattara da shafen siminti: siminti ba ya kama ƙasa da kyau, idan ya tsage ruwa ya shiga bayansa ba ya samun hanyar bushewa, sai bango ya ruɓe a ɓoye alhali fuskarsa na sheƙi.

Daga nan sai tsakar gida. Ruwa ba ya bukatar gangare mai yawa. Saukar santimita 2 a kowace mita ta wadatar. Idan daga ƙofar ɗaki zuwa rariya mita 10 ce, to bakin rariya ya kasance ƙasa da ƙofar ɗaki da santimita 20. Ido na yaudara a wannan awo, amma akwai dabarar da birkiloli ke yi. Samo siririn tiyo fari wanda ake ganin cikinsa, ka cika shi da ruwa, ka tabbata babu kumfar iska. Kai ka riƙe baki ɗaya a ƙofar ɗaki, wani ya riƙe ɗayan a rariya, kowa ya jingina nasa da sanda a tsaye. Ruwan da ke bakunan biyu kullum tsayinsa ɗaya ne. Ku auna daga kan ruwan zuwa ƙasa a kowane ɓangare. Bambancin awon biyu shi ne gangaren da ke akwai. Idan bai kai ba, a cike wuri mai kwari da birji, a rage mai tudu.

Kwatar da za ta ɗauki ruwan kada ta zama mai zurfi da tsayayyun gefe, domin irin wannan rufzawa take yi, kuma tarko ce ga yara da tsofaffi cikin dare. A yi ta mai faɗi, gefenta a kwance kamar cikin ƙwarya, a jera mata duwatsu. Mai hali ya zuba kankare: kwanon sarki ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, a riƙa yayyafa masa ruwa har kwana bakwai domin ya yi ƙwari. Rariya kuma a faɗaɗa ta, a ɗaure bakinta da dutse ko guntun bututu don kada ruwa ya ci katanga, a sa mata ragar waya ta tare shara ta kuma hana maciji da ɓera shigowa. Ragar tana son sharewa bayan kowane ruwa.

Saura tambaya mai nauyi: idan ya fita gidanka, ina ya nufa? Wanda ya juya ruwansa gindin katangar maƙwabci bai yi gyara ba, rigima ya shuka. A nan ne ake bukatar mai unguwa da aikin gayya, a yashe kwatar layi tun daga sama har kududdufi ko rafi kafin ruwan farko, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mutanen jihar nan ba su manta da ambaliyar Jibiya ta watan Yulin 2018 ba, wadda ta ci rayuka fiye da 40 cikin dare ɗaya. Babbar ambaliya ta fi ƙarfin magidanci, amma hana ledar ruwa da shara shiga kwata yana hannun kowa.

Ruwan wanka da na wanke-wanke shi kullum ake zubar da shi, rani da damina. Kada a bar shi ya zama baƙar kwata a ƙofar gida. A haƙa masa rami mai faɗin mita 1 da zurfin mita 1, nesa da bango da kamar taku biyar, a cika shi da manyan duwatsu a ƙasa, ƙanana a sama. Kafin haka a gwada ƙasar: a haƙa ɗan rami a cika shi da ruwa da yamma. Idan da safe ruwan na nan, ƙasar laka ce, ramin ba zai tsotse ba, gara a ja ruwan zuwa gindin ayaba ko gwanda. Shadda kuwa ta yi nesa da rijiya da aƙalla mita 30, kuma kada ta kasance a saman gangaren da ke bi ta rijiyar.

Akwai dalilin lafiya a cikin wannan wahala. Sauron da ke kawo zazzaɓin cizon sauro ba ya neman babban tafki. Ɗan ruwan da ya kwanta a sawun taya ko ramin da aka ɗebi ƙasar gini ya ishe shi, kuma daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana bakwai ne zuwa goma sha huɗu. A shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da takwarorinsu na Libaful ta Ingila sun yi shekaru suna binciken cututtukan ƙasar Malumfashi, zazzaɓi da tsargiya na cikin manyansu, kuma dukansu biyu ruwan da ya kwanta ne ke renon su. Gidan sauro da maganin rigakafin da ake ba yara ƙanana kowane wata cikin damina suna da amfani ƙwarai. Cike rami da shebur shi ma magani ne, kuma ba a sayen sa.

Aiki na biyu: rumfa da dakali

Rumfa ita ce falon talaka. A nan ake shan iska, a ɓare gyaɗa, a yi kitso, a karɓi baƙo. A kanta ake shanya kuɓewa da tattasai, a ajiye harawa. Dakalin ƙofar gida kuma nan ne majalisar maigida. Maƙiyansu uku ne: gara, danshi da iska.

Lokacin duba rumfa shi ne bazara, watan Maris ko Afrilu, kafin iskar hadarin farko. Kama kowace gwafa ka girgiza. Tone ƙasar gindinta kamu ɗaya ka caka mata tsinin wuƙa. Idan wuƙar ta shige da sauƙi, ko ka ga hanyar ƙasa da gara ta gina a jikinta, wannan gwafa ta gama aiki ko da samanta na da kyau. Itace daga inda ya haɗu da ƙasa yake mutuwa.

Wajen canji, a fara tokare rufin da wani itace a gefe kafin a cire ruɓaɓɓen, kuma kada a bar yara a ƙarƙashi. Magabata sun fi son ƙirya da azarar giginya saboda gara ba ta cika iya musu ba, amma sun yi ƙaranci, kuma ba daidai ba ne a sare 'yan da suka rage. Bedi da turare sun fi samuwa. A ɓare ɓawon, a bar itacen ya bushe sosai, a babbake gindinsa a wuta har ya yi baƙi. Mutane da yawa kan shafa baƙin mai, yana kuwa taimakawa, sai dai guba ne, kada a yi amfani da shi kusa da rijiya ko wurin shuka. Dabarar da ta fi duka ita ce raba itace da ƙasa: a yi ɗan tudun kankare ko a kafa dutse mai faɗi wanda ya ɗara ƙasa da taƙi ɗaya, a dasa guntun ƙarfe a ciki, a ɗaure gwafar a jikinsa. Gindin zai zauna a bushe, gara kuma sai ta fito fili kafin ta hau, ka gan ta ka rushe hanyarta.

Idan rufin kwano ne, bi ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta ɗago a canja ta, a buga a kan tudun kwano, ba cikin kwarinsa inda ruwa ke bi ba. A ɗaure katakon rufi da gwafa da waya mai kauri ko langa-langa, domin iska ta ƙasa take shiga ta ɗaga rufi gaba ɗaya. Idan na kara ne ko zana, a sauke tsohon, a kai shi ramin taki, a ɗora sabo da ɗan karkata.

Dakali kuma tsagewa ke kashe shi, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A buɗe tsagar da bakin guduma, a share, a jiƙa, a cike da kwaɓin siminti ɗaya yashi huɗu. Na ƙasa a sake daɓe shi da birji da makuba. Ko wanne ne, samansa ya ɗan karkata waje, kada ya zuba ruwa a jikin zaure.

Aiki na uku: garkar bayan ɗaki

Yanzu mun zo inda wahala ke komawa riba. Ruwan da muka kora daga gindin bango bai kamata ya tafi a banza ba. A sa wa bakin kwano makwarari, a tara ruwan a durom mai murfi. Murfin wajibi ne, saboda sauro da kuma yara. Ruwan farkon damina a bar shi ya wanke ƙura da kashin tsuntsaye tukuna. Abin da ya yi ambaliya daga durom a ja shi da 'yar kwata zuwa garka.

A zaɓi wurin da rana ke samu aƙalla rabin yini, nesa da shadda, kuma kada shuka ta manne da bango don kada ban ruwa ya jiƙa gini. A kewaye da kara ko zana tun kafin a shuka, domin akuya ɗaya kan share aikin wata guda kafin a idar da sallar azahar. Faɗin fangali kada ya wuce mita 1, yadda hannu zai kai tsakiya ba tare da an taka ba. Da damina a ɗaga shi sama kamar kunya don kada saiwa ta ruɓe. Da rani a yi shi mai kwari don ya riƙe ruwa, a rufe ƙasar da ƙaiƙayi ko busasshiyar ciyawa.

Tun da aka kafa shirin bunƙasa noma na Funtuwa a 1975 da tallafin Bankin Duniya, manoman yankin nan suka saba da takin zamani, har wasu na ganin ba a shuka sai da buhu. Garkar gida ba ta bukatar haka. A haƙa rami, a riƙa jera busasshen ganye da ragowar harawa, sai kashin awaki ko na kaji, sai ɗan toka da ƙasa, a yayyafa ruwa. A tsince leda, batir da kwalba. A juya shi duk bayan mako biyu ko uku. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, ya daina wari, ya yi ƙamshin ƙasar da ta sha ruwan farko. Ɗanyen kashin kaji ƙona shuka yake yi, a bari ya ruɓe.

Me za a shuka? Abin da tukunya ke nema kullum. Alayyafo kan isa yanka cikin mako huɗu. Kuɓewa kan fara 'ya'ya wajen wata biyu, kuma yawan tsinka ke sa ta ƙara haihuwa. Rama, yakuwa da lalo ba su da wahala. Kabewa a sa ta gindin rumfa ta hau, ta ba da inuwa ta ba da miya. Zogale a jera shi a jikin shinge, a riƙa sare kansa idan ya kai ƙirjin mutum domin ya yi rassa, ganye ya zauna inda hannu zai kai. Tumatir da tattasai a fara renon su a tsohon bokiti, a dasa tumatir bayan mako uku zuwa huɗu, tattasai bayan biyar zuwa shida. Mai neman iri mai kyau ya tambayi malamin gona na hukumar noma ta jiha, KTARDA, ko ya nemi irin da cibiyar binciken noma ta Samaru ta fitar. Ruwan sabulu a ba itatuwa a gindi, kada a zuba shi kan ganyen da za a ci ɗanye.

A gidaje da yawa wannan garka ta uwargida ce, ita da yara. Abin da aka tsinka ya rage kuɗin cefane, abin da ya yi saura a shanya a kan rumfar da aka gyara, a ajiye don rani ko a kai kasuwa.

Bayan damina ɗaya magidancin nan da katangarsa ta faɗi ya sake kiran tsohon magini, wannan karon ba don jaje ba. Ya zagaya da shi, sabuwar katanga na tsaye, gindinta a bushe. Da za su rabu uwargida ta aiko yaro da ƙunshin kuɓewa da zogale. Tsohon ya karɓa ya juya shi a hannu, ya ce, "Ka gani ko, ɗana? Ruwan da ya ci katangarka bara, shi ne bana za ka ci da tuwo."

Kalmomin da za a riƙe

Rariya: kafar da ake bari a gindin katanga don fitar ruwa.
Indararo: bututun da ke zubo ruwa daga rufin soro.
Birji: jar ƙasa mai tsakuwa da ake daɓe da ita.
Makuba: ruwan kwasfar ɗorawa da ke ƙarfafa daɓe da yaɓe.
Gwafa: itace mai baki biyu da ke ɗauke da rumfa.
Fangali: ɗan filin da aka gyara aka keɓe don shuka kayan lambu.

Tambayoyi

1. Me ya sa tsohon magini ya ce ba ruwan dare ɗaya ne ya kayar da katanga ba?
2. Wane bango ne ya fi shan dukan ruwa a ƙasarmu, kuma don me?
3. Yaya ake gane gwafar da gara ta cinye?
4. Mece ce illar shafa siminti a kan ginin ƙasa?
5. Mene ne bambancin fangalin damina da na rani?

Lissafi

1. Rufi mai tsawon mita 6 da faɗin mita 4 ya sha ruwan milimita 25. Lita nawa ta sauka? Jarka nawa ke nan mai cin lita 25?
2. Daga ƙofar ɗaki zuwa rariya mita 12 ce. Idan ana son saukar santimita 2 a kowace mita, santimita nawa rariya za ta yi ƙasa da ƙofa?

Aikin gida

Zana taswirar gidanka a takarda. Nuna ɗakuna, rijiya, shadda, rumfa da rariya. Ja kibiya ta nuna inda ruwa ke bi, ka sa alama a duk inda yake kwanciya. Kawo zanen aji mai zuwa, za a kasu uku-uku, kowane rukuni ya zaɓi gida ɗaya da za a fara yi wa gayya.